Yadda Mai Ciki Da Mai Jego Za Ta Kula Da Cutar Tayirod

Tayirod wata ƙaramar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda ke fitar da sinadarin da ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda abinci ke zama kuzari. Idan ta kumbura har ta fito fili, ita ce ake kira maƙoƙo, amma tana iya yin kasala ko ta wuce gona da iri ba tare da wuya ya nuna komai ba. A watanni ukun farko na ciki, ɗan tayi ya dogara kacokan ga sinadarin uwarsa domin ginuwar ƙwaƙwalwarsa, kuma ƙarancinsa kan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

Wahalar ita ce alamomin cutar suna kama da laulayi. Matar da ke gumi da faɗuwar gaba a Sakkwato cikin Afrilu, kowa zai ce zafin bazara ne. Idan tayirod ta wuce gona da iri, abin da ya kamata ya ja hankali shi ne ramewa duk da cin abinci sosai, da rawar hannu, da bugun zuciya mai sauri ko tana zaune. Kasalar tayirod kuwa takan zo da jin sanyi fiye da mutanen gida, da bushewar fata, da taurin bayan gida, da nauyin jiki. Gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda tayirod ke aiki, shi ne ke raba gardama, don haka wadda ke da maƙoƙo, ko ta sha yin ɓari, ko akwai cutar a danginsu, ta faɗa tun ranar awon farko, domin a tura ta inda ake gwajin, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Wadda dama take shan levothyroxine, maganin kasalar tayirod, kada ta daina don ta sami ciki. Buƙatarta ƙaruwa take yi, sau da yawa da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, kuma akan maimaita gwajin kusan kowane mako 4 har tsakiyar ciki. A ganina, inda aka fi yin kuskure shi ne wajen sha. Mace takan dawo daga awo da ƙwayoyin ƙarin jini, sai ta juye su a tafin hannu tare da na tayirod ta kora da kunu, alhali sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi suna hana maganin shiga jini. Daidai shi ne ta sha na tayirod da ruwa kawai bayan sallar asuba, ta jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ta karya, ta bar na ƙarin jini sai bayan awa 4, wato wajen azahar ko da dare.

Idan tayirod ta yi yawan aiki ne, likitoci kan zaɓi propylthiouracil a watanni ukun farko maimakon carbimazole, kuma wannan canji ba na mai kemis ba ne.

Batun gishiri gajere ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa mai ciki da mai shayarwa maikirogiram 250 na aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata domin aikinta, a kullum. A sayi gishirin leda mai aidin, a ajiye shi a rufe, domin wanda aka baza a faranti cikin rana da laima yakan rasa aidin ɗinsa.

Bayan haihuwa akwai wata matsalar tayirod da kan taso cikin shekarar farko, ko ga matar da ba ta taɓa ciwon ba. Tsakanin wata 1 zuwa 4 sai ta fara rashin barci da saurin fushi da faɗuwar gaba, daga baya, wajen wata 4 zuwa 8, jiki ya mutu, rai ya ɓaci, wani lokaci ruwan nono ya ragu. A lokacin an yi arba'in tuni, masu taya jego sun watse, sai a ce gajiyar raino ce. Yawancin mata kan warke cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma wasu kan ci gaba da buƙatar magani, kuma levothyroxine ba ya hana shayarwa. Sai dai idan faɗuwar gaban ta zo da haki da kumburin ƙafafu da kasa kwanciya rigingine, kada a jira sakamakon gwajin tayirod, a kai ta asibiti a ranar, domin ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a arewacin Najeriya kuma ba ya ba da lokaci.