Yadda Ake Magance Danshi da Fumfuna a Gidan Haya

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin shiga harkar gidajen haya a Kaduna shi ne, da zarar ɗan haya ya kawo kukan cewa bango ya yi baƙi, sai su tura masa mai fenti. Fentin yakan ɓoye tabon zuwa wata daminar, sannan ya kumbura ya riƙa ɓarewa, mai gida ya biya kuɗin aiki sau biyu, wani lokaci ma ɗan hayan ya kwashe kayansa, gida ya yi watanni a rufe ba ya kawo ko sisi.

Matakin farko shi ne duba gida a lokacin da ya dace. Wanda ya je ganin gida a watan Janairu, bayan hunturu ya busar da komai, bai ga gidan ba tukuna. A je a Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi, musamman idan gidan yana gangaren Kogin Kaduna, kamar wasu sassan Unguwar Rimi, Kabala da Barnawa. A janye katifa da akwatuna daga jikin bango a duba bayansu, domin nan fumfuna take fara ɓuya.

Mataki na biyu, wanda shi ne ainihin aikin, gano inda ruwan yake fitowa ne, kuma shi kansa tabon yakan nuna. Idan danshin ya taso daga ƙasa ya tsaya wajen mita 1, fulasta tana zubo da farin gari kamar kanwa, to tushen ginin ne yake shan ruwa, galibi saboda ba a shimfiɗa ledar da magina ke kira DPC ba, ko kuma an cike tsakar gida har ta fi daɓen ɗaki tsawo. Idan daga sama ya gangaro, silin ya yi zobe mai ruwan ƙasa, a hau rufi a duba ramukan ƙusa a kwano da magudanar da ke bayan farafet (gajeren bangon da ke kewaye rufin), wadda ganye da leda sukan toshe. Tabon da yake jikin bangon banɗaki, wanda ba ya bushewa ko da rani, bututu ne yake yoyo. Akwai kuma raɓar da ke taruwa a ɗakin da ba a buɗe tagoginsa, ana shanya wanki a ciki. Domin bambance ta, a manna leda a bango, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta awa 48. Jiƙewar fuskar da ke kallon ɗaki tana nufin rashin iska, jiƙewar bayanta kuwa tana nufin ruwan yana cikin bulo.

A nan ni ma na taɓa yin asara. Na bi shawarar wani magini na sa tayil a bangon falo har zuwa ƙugu, sai ga shi damina ɗaya kacal danshin ya haura saman tayil ɗin, ya yi baƙin layi daidai inda aikin ya ƙare. Da muka tona waje, ashe ruwan indararo ne yake zuba gindin bango kai tsaye, gyaran da bai kai rabin kuɗin tayil ba. Tun daga lokacin ban yarda a rufe jiƙaƙƙen bango da komai ba.

Mataki na uku shi ne tare ruwan. A sa bututun da zai kai ruwan rufi kwata, a yi daɓen siminti kewaye da gida yana gangarawa waje, a tabbata sokawe ba ya manne da tushen gini. Bayan haka a farfashe fulastar da ta lalace har a wuce iyakar tabon da kimanin ƙafa 1, a bar bulon a buɗe ya sha iska. Wannan aiki na Disamba zuwa Fabrairu ne, kuma ya fi dacewa a yi shi tsakanin fitar wani ɗan haya da shigar wani.

Fumfunar da ke kan bango a goge ta da ruwan bilic da aka sirka, da safar hannu da takunkumi, tagogi a buɗe, kada kuma a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, domin hayaƙinsu guba ne. Silin da ya jiƙe ya ruɓe a cire shi kawai. Idan akwai mai asma ko jariri a gidan, a fitar da su kafin a fara.

Sai bango ya bushe sarai za a yi sabuwar fulasta da sinadarin hana ruwa, fenti ya biyo baya. A rubuta cikin takardar haya cewa ɗan haya zai sanar da duk wani yoyo a ranar da ya gan shi, domin fumfuna takan fara tsirowa cikin kwana 2 a wurin da ya jiƙe.