Yadda Ake Karanta Hadari a Tafkin Lagdo Lokacin Bazara

Idan Afrilu ta kama a Lagdo da ke arewacin Kamaru, zafi kan haura digiri 40, ruwa ya kwanta luf, sabon masunci ya ɗauka lafiya ce. To ƙanena, a nan ake yi maka sammako.

Fara da iska tun asuba. A hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, har leɓe ya tsage. Ranar da ka ji ta juyo daga kudu maso yamma, riga na manne maka da gumi, danshin Tekun Gini ne ya iso mana. Shi da zafin rana ke haɗa hadari.

Amma kada ka zuba wa kudu ido. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, galibi wajen la'asar. Gajimare zai yi toroko, gindinsa baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, sai wata mai sanyi da ƙura ta bugo. Ita ke kife kwale-kwale tun ruwa bai sauko ba. In ka ga walƙiya, ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin tsawa kusan kilomita 1 ne.

Ni dai da asuba nake fita, azahar ta same ni a gaɓa. Komar kamun kifi ta maƙale? Ɗaura mata jarka ka bar ta, gobe tana nan. In hadari ya rutsa da kai a ruwa, rage lodi, hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa. Karfasa kuwa ba ta jure wannan zafi, a farke ta a kai banda nan take.