Yadda za a sama wa naƙasasshe lauya kyauta a Damagaram

Jama'a, in kuna da makaho ko kurma ko gurgu da ke da shari'a, ko an ci mishi gado ko an kulle shi a komisariya, kar ku fara da zancen tara kuɗin aboka, wato lauya. Ku fara da ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a, tana da biro a babbar kotun Zinder. Dokar ta sa naƙasasshen da ba zai iya kare kanshi ba cikin waɗanda ake ba mai kare su ba tare da sun biya ba, kawai dai mutane ba su sani ba ne.

Kafin ku je ku haɗa dosiye: takardar haihuwa, katin shaida, takardar likita mai nuna naƙasar, da duk wata takarda da ta shafi rigimar, ku yi fotokofi ku riƙe na asali a gida. In babu takardar haihuwa to ita za a fara nema a kotu, kuma tana cin lokaci wallahi. Ku biya ta wajen 'yan FNPH, tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, ko sarkin makafi ko na guragu, sun san wa ake gani.

Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, shi ya sa sau da yawa wanda za a ba ku ba aboka ba ne, wani ne da kotu ta naɗa ya kare mutum. Lauyan da ya ce zai yi fisabilillahi kuwa, Allah saka, amma Maître a taimaka a yi magana da naƙasasshen kanshi, kar a tsaya kan ɗan jagora ko yayanshi, don wani lokacin wanda ya rako shi ɗin shi ne ya ci gonar.

Ku kuma Alhazai masu son bayarwa, ku duba inda kuɗin ke tafiya: kabu-kabu ko adaidaita daga unguwar Kara-Kara zuwa kotu duk ranar zama, a ɗaga shari'a a sake dawowa, kuɗin takardu, da mai fassara maganar hannu in kurma ne. Nan ne mutane ke gajiya su ce sun bar wa Allah. Jaka biyar kowane wata har a gama shari'ar ta fi jaka hamsin rana guda a ɗau hoto a sa Facebook. In ta NITA za ku turo, ku tura ma wanda ke bin dosiyen, ya riƙa ba ku rasit.