Yadda za ka ba na'urar USB mai cin wuta sosai isasshen lantarki ba tare da ɓarna ba

Had disk na waje (ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa ta USB) da ke ƙas-ƙas yana ɓacewa daga kwamfuta, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isar sa. Kowace ƙofar USB tana da iyakar abin da take bayarwa. USB 2.0 tana ba da bolt 5 da miliamfiya 500 (rabin amfiya), wato wat 2.5. USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana kaiwa miliamfiya 900, wat 4.5 ke nan. Ƙofar USB-C kan iya ba da amfiya 1.5 ko 3, amma ba kowacce ba, sai ka duba takardar kwamfutarka.

Fara da karanta rubutun da ke jikin na'urar. Ninka bolt da amfiya, ka sami wat, sannan ka ƙara kamar kashi ɗaya bisa huɗu a kai. Dalili kuwa, duk abin da ke da inji mai juyawa a ciki ya fi jan wuta lokacin tashi. Had disk mai inci 2.5 yakan ja kusan amfiya 1 a daƙiƙun farko, kafin ya lafa. Shi ya sa yake tashi a shuɗiyar ƙofa ya ƙi tashi a tsohuwa. Mai inci 3.5 kuwa yana buƙatar bolt 12, dole sai da adaftarsa.

Idan lissafi ya nuna ƙofar za ta ɗauka, jona kai tsaye. A kwamfutar tebur ƙofofin baya sun fi, don suna manne da babban allon ciki, na gaba kuwa sai wutar ta bi ta siririyar waya.

Waya ita ce abin da aka fi rainawa, alhali nan wuta ke zubewa. Siririya mai lamba 28 AWG (ma'aunin kaurin waya), tsawon mita ɗaya, tana cinye kusan bolt 0.4 idan amfiya 1 na bi ta cikinta. Bolt 5 ya koma 4.6, wasu na'urori kuwa daga nan suke fara yankewa. Mai lamba 24 AWG ba ta cin ko rabin haka. Ƙaramar lamba, waya mai kauri. Ɗauki gajera mai kauri, kada ka yi mata ƙari.

Idan ƙofar ba za ta ɗauka ba, sai hab, ƙaramin akwatin nan mai raba ƙofa ɗaya zuwa huɗu ko bakwai. Amma ya zama mai adaftar kansa da ake jonawa a bango. Hab marar adafta na USB 2.0, miliamfiya 100 kacal ƙa'ida ta ba kowace ƙofarsa, abin da ya dace da linzami da allon rubutu. Ko mai adaftar ma a duba shi da kyau: ƙofa bakwai a kan adafta mai bolt 5 da amfiya 2, kowacce ba ta samun miliamfiya 300 idan duk an cika su. Haɗa wat ɗin duk abin da za ka jona, ka tabbata adaftar ta zarce jimillar. Kada ka sa masa wata adafta don kawai bakinta ya shiga. Bolt 12 a hab ɗin bolt 5 zai ƙona shi, har da abin da ke jikinsa.

Akwai wata matsala da hab marasa inganci: suna mayar da wuta baya zuwa kwamfuta, abin da ke iya lalata ƙofar. Gwajin ba wuya. Kashe kwamfutar tebur, zare wayarta daga bango, ka bar hab a kunne yana jone da ita. In ka ga wata fitila a kunne ko fanka na motsi, cire hab ɗin nan, bai cancanci a ajiye shi ba.

Wajen jonawa, fara kunna adaftar hab, sai ka haɗa shi da kwamfuta, sannan na'urar. Ka sa mata aiki mai nauyi na minti goma, kamar kwafar babban fayil, ka taɓa bakin wayar. Ɗumi kaɗan ba komai, amma zafin da yatsa ba zai jure ba, ko warin roba, cire nan take. Ƙaramin ma'aunin USB da ake sawa tsakanin ƙofa da waya zai nuna maka bolt ana cikin aiki. In ya sauka ƙasa da 4.75, fara canza waya, in bai gyaru ba sai ka koma kan adafta.