Yadda Ake Ba Yara Labaran Tarbiyya Na Ƙasar Indiya

Da yawa daga cikin gajerun labaran da ake karanta wa yara da harshen Hindi a yau sun girmi harshen kansa. Tushen da yawansu shi ne Panchatantra, wanda aka rubuta da Sanskrit, tsohon harshen Indiya, ake kuma danganta shi ga wani malami, Vishnu Sharma, da aka ba amanar koya wa 'ya'yan sarki uku hankali. Wannan littafi ne Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci daga tsohon Farisanci wajen shekarar 750, ya zama Kalila wa Dimna da malamanmu suka sani. Ke nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Amma labari mai kyau yakan lalace a bakin mai garaje, shi ya sa na ga ya dace mu bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Ku zaɓi labari ɗaya tak, gwargwadon halin da kuke son taɓawa.

In kwaɗayi ne, ga labarin manomi Haridatta. Kullum yakan ajiye wa wata gamsheƙa madara a bakin suri, da safe ya tarar da dinari ɗaya a cikin kwanon. Ranar da ya yi tafiya ya bar wa ɗansa aikin, sai yaron ya raya a ransa cewa surin cike yake da zinariya. Ya kai wa macijiyar sanda, ba ta mutu ba, ta sare shi.

In gaskiya ce, ku nemo Birbal, wazirin Sarki Akbar wanda ya mulki Indiya daga 1556 zuwa 1605. An yi sata a gidan wani attajiri, Birbal ya raba wa barori sanduna masu tsawo ɗaya, ya ce ta ɓarawo za ta ƙaru da yatsa biyu kafin gari ya waye. Mai laifin ya kwana yana fargaba, ya datse tasa.

Na tausayi kuwa, ban san wanda ya kai “Idgah” na marubucin Indiya Munshi Premchand ba, wanda ya fito a 1933. Hamid maraya ne, yana hannun kakarsa Amina. Ranar Sallah ya tafi filin idi da paisa uku kacal. Abokansa suka hau lilo, suka sayi alewa da 'yan tsana na yumɓu, shi ko ya daure ya sayo awartakin juya gurasa, domin kullum yana ganin yatsun kakarsa na ƙonewa a kan wuta.

Mataki na 2: Ku karanta shi ku kaɗai har ya zauna, sannan ku ajiye littafi ko waya. Yaro yana sauraron fuska ne kafin murya.

Mataki na 3: Ku bar labarin a ƙasarsa. Kada Hamid ya koma Habu, kada Birbal ya zama Gizo. Ku faɗi sunayen yadda suke, ku yi bayanin baƙon abu a taƙaice: paisa ƙaramin kuɗi ne, gurasarsu ana gasa ta ne a kan faifan ƙarfe. Ba laifi ku buɗe da “Ga ta nan, ga ta nanku”, tunda da haka kunnen yaranmu ya saba. Wani abu da iyaye kan yi shakka a kansa shi ne addini. Haridatta ya ɗauki macijiyar abin bauta ne, Jataka kuma, wani tarin tsofaffin labaran Indiya 547, duka a kan rayuwar da Buddha, wanda ya kafa addinin Buddha, ya yi a baya suke kamar yadda mabiyansa suka yi imani. Babban yaro a gaya masa kai tsaye cewa wannan aƙidar masu labarin ce. Ƙarami kuwa a zaɓar masa labarin dabbobi zalla, kamar na biri da kada.

Mataki na 4: Ku tsaya daidai inda labari zai juya. Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci. Yaro ya ɗaga sanda a kan macijiya, sai ku yi shiru, ku ce, “Da kai ne, me za ka yi?” Hamid na tsaye gaban mai alewa, yawunsa na tsinkewa: “Ke fa, me za ki saya?” In ya ce alewa zai saya, kada ku harare shi. Gaskiya ya faɗa, ita kuma muke nema. Ku ci gaba kawai, ku bar hawayen Amina su yi aikinsu lokacin da ta gane dalilin awartakin.

Mataki na 5: Littattafan Hindi kan rufe da layin darasi a ƙasa. Ku tsallake shi. Ku tambayi yaron wa ya burge shi, wa ya ba shi haushi, kuma don me. Sannan kada ku taɓa mayar da labari bulala. Ranar da yaro ya ɗauki nama a tukunya ba ranar labarin sandunan Birbal ba ce, domin zai gane da shi ake, ya toshe kunne.

Mataki na 6: Bayan kwana biyu ku ce shi ya ba ƙaninsa labarin. Ku zauna gefe ku saurara, kada ku gyara masa sai in ya tambaya.