Yadda za ku riƙe addu'ar gida ta mako-mako ba ta mutu a hannunku ba

Shekara tara ke nan muna haɗuwa kowace Laraba a tsakar gidana da ke Mabera, a nan Sakkwato. Mu huɗu muka fara, duk matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, a kan tabarma ɗaya ƙarƙashin dogon yaro. Akwai lokacin da muka kai mutum ashirin har da maza, akwai lokacin da muka koma mu uku. Kwanakin baya wata ƙanwata a cikin Ubangiji, daga Arkilla, ta tare ni bayan sujada ta ce, "Mama, yaya kuke yi taku ba ta mutu ba? Tamu wata uku ta yi ta watse." Na ce mata ta zo gida mu zauna. Abin da na gaya mata shi nake rubutawa a nan.

Kafin ku shimfiɗa tabarma, ku je wurin fasto da dattawan ikilisiya ku sanar da su. Addu'ar gida reshe ce ta ikilisiya, in ta ware kanta ba ta daɗewa sai ta zama wurin gunaguni a kan shugabanni. Ku nemi a sa wani dattijo ya riƙa leƙo ku ko da sau ɗaya a wata.

Sai ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kada ku taɓa su. Yawancin addu'o'in gida da na ga sun watse, daga "wannan makon mu ɗaga zuwa Juma'a" suka fara lalacewa. Mu ƙarfe biyar muke farawa, shida mun tashi. Wanda ya san Sakkwato ya san dalili. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kafin la'asar ba mai iya zama ya tattara hankalinsa. Bayan magariba kuma mace mai zuwa daga Tamaje ko Gwiwa sai ta sha wahalar kabu-kabu, ga girkin dare na jiranta. Awa ɗaya ta isa. Ubangijinmu da kansa ya faɗa a Matiyu 6 cewa ba yawan magana ke sa a ji mu ba.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa muke tashi kafin magariba, shi ne maƙwabta. Hagu da dama duk Musulmi ne, kuma masallacin unguwa ba shi da nisa da ƙofata. Tun makon farko na shiga wurin Hajiya, maƙwabciyata, na ce, "Hajiya, za ki riƙa jin waƙa ranar Laraba da yamma, addu'a muke yi." Ta ce, "Ai babu komai, Maman yara, ku sa mu ciki." Ba ma sa lasifika, ba ma kawo ganga. Tafi da tulu guda sun ishe mu, kuma kafin ladan ya kira salla mun rufe. Yau shekara tara ba mu taɓa samun saɓani ba. Da Salla tana aiko mana da nama, da Kirsimeti ina aika mata shinkafa, ranar da aka ɗauke wuta ma ita ke ba mu ƙanƙarar da muke sa wa ruwa.

Mukan buɗe da waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi, waɗanda kowa ya iya da ka, don tsofaffinmu ba sa ganin ƙananan rubutu. Sai karatu, gajere, aya biyar zuwa goma. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fara fitowa da Hausa a 1932, kuma har yanzu akwai wata kaka a cikinmu da ta fi sabawa da kalmomin tsohuwar fassara, yayin da 'yan mata ke buɗe sabuwa a waya. Mukan bar kowa ya karanta nasa, sau da yawa bambancin kalma guda yake buɗe mana ma'anar ayar. Amma ku kiyaye, kada karatun ya koma wa'azi. Wa'azi na ranar Lahadi ne.

Bayan karatu, kada ku fara da roƙo. Ku fara da godiya. Da farko ba haka muke yi ba, da an zauna sai kowa ya sauke damuwarsa: kuɗin makaranta, ciwo, miji ba aiki, hanyar ƙauye ba tsaro. Mu tashi jikinmu ya fi mutuwa fiye da yadda muka zo. Wata rana muna karanta Romawa 12:12, inda Bulus ya haɗa farin ciki cikin bege, da haƙuri cikin wahala, da naciya cikin addu'a a numfashi ɗaya, sai na lura cewa farin cikin ne ya sa a gaba. Daga ranar muka juya tsarin. Kowa sai ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa cikin makon kafin ya kawo kuka. Wata takan ce, "Ni dai ba ni da komai." Sai in ce, "'Yata, da ƙafarki kika zo ko ɗauko ki aka yi?" Ta yi murmushi, ta fara lissafi.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ya riƙe mu: littafin rubutu. Irin na 'yan makaranta ne mai shafi tamanin, yanzu muna kan na bakwai. Kowane shafi na raba shi biyu da biro. A hagu kwanan wata da roƙon, a dama kuwa fili, sai ranar da amsa ta zo. Kowace Laraba muna buɗe na makon jiya mu tambaya: yaron nan da aka kwantar a asibiti, yaya jikinsa? Takardar canjin wurin aikin nan ta fito? Mutum in ya san za a tambaye shi bayan mako guda, ya san ba da baki kawai aka ce masa "za mu yi maka addu'a" ba.

Akwai shafin da nake yawan komawa. Wata matar aure ce ta shekara shida ba haihuwa, muka rubuta roƙonta, gefen dama ya zauna fari fat har littafi biyu suka cika. Duk sabon littafin da na buɗe, nata nake fara kwafewa. Ranar da ta shigo da jaririya a goye, ita da kanta ta karɓi biron ta cike gurbin, hannunta na rawa. Ba mu iya yin karatu ba ranar, waƙa muka yi ta yi har shida ta buga. Akwai kuma shafukan da amsarsu ba ita muka so ba. Wani dattijo da muka roƙa masa lafiya wata takwas, a dama na rubuta ranar da ya koma gida wurin Ubangiji. Ba na yage irin waɗannan. Muna karanta su kamar sauran.

Littafin nan sirri ne, haka ma duk abin da aka faɗa a kan tabarma. Ku faɗi wannan a fili duk ranar da baƙo ya zo. Maganar aure ko bashi, ba na rubuta suna, "wata 'yar'uwa" kawai nake sawa. Tsegumi yakan shigo sanye da rigar addu'a, ka ji ana cewa "mu tuna da wance, kun dai san halin da take ciki da mijinta." In ba ita ta kawo maganar ba, ku tsayar da ita nan take, cikin ladabi.

Abinci kuwa, ruwan randa ya isa. Mun taɓa gwada zagaya gidaje, sai abin ya koma gasar zoɓo da cincin, marasa hali suka fara jin kunyar karɓar baƙi. Muka daina.

Ku kuma san irin garin da kuke. Yawancinmu Kiristocin Sakkwato aiki ne ko karatu ko kasuwa ya kawo mu: daga Zuru kamar ni, daga kudancin Kaduna, Filato, ƙasar Ibo da ta Yarbawa. Matar soja daga barikin Giginya, ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, 'yar bautar ƙasa mai shekara ɗaya, yau suna nan gobe an tafi. Kada tafiyarsu ta karya muku gwiwa, kuma kada mutum ɗaya ya riƙe komai. Kowane mako wani daban ke jagora, ko da muryarsa na rawa. Hausa ce ta haɗa mu, amma in zuciyar mutum ta cika mukan ce ya yi da harshen uwarsa, mu namu Amin ne.

Wanda aka rasa gani Laraba biyu a jere, a je gidansa. Ba saƙon waya ba, ƙafa. Kuma kada a shiga da "me ya hana ki zuwa?" A ce, "Mun yi kewarki, lafiya dai?"

A watan Mayun 2022, lokacin da aka sa dokar hana fita a cikin gari, tsoro ya kama kowa, wasunmu ma sun bar Sakkwato na ɗan lokaci. Larabar da ta biyo baya, da biyar ta yi, na shimfiɗa tabarmar ni kaɗai na buɗe littafin, na kira su ɗaya bayan ɗaya a waya, minti biyu biyu. Mako na biyu mutum ɗaya ta zo, kakar nan mai tsohuwar fassara, tana dogara sanda. Ta duba tsakar gidan ta ce, "Mu biyu ne?" Na ce mu biyu ne, Kaka. Ta zauna, ta gyara zanenta, ta ce in buɗe mata Matiyu 18:20, inda Yesu ya ce duk inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana nan tsakiyarsu, sannan ta ɗauko waƙa.