Man goge baki na share ƙarcewar mota

'Yan uwa na Kumasi, kafin ku kai mota Suame Magazine, unguwar makanikai, saboda ɗan ƙarcewa, ku gwada man goge baki. Farin nan, ba mai kama da jeli ba.

Ku fara wanke wurin, don ƙurar hunturu ma tana ƙarce fenti. Ku shafa kaɗan a tsumma mai laushi mai danshi, ku murza a hankali kuna zagayawa, sai ku ɗauraye. A inuwa fa, ba cikin rana ba.

Man yana da ɗan gari-gari da ke goge sheƙin saman fentin har layin ya baje.

Amma ku gwada da farce. In ya maƙale, ko ƙarfe ya fito, sai mai fenti, tun kafin damina ta kawo tsatsa.